Ticha Celestine Ya Yi Wa Godspower Dangi

Ranar da ake rabon kunnuwa Ticha Celestine bai samu zuwa ba, yana can yana ba wani labari, shi ya sa ya tashi da baki kawai. Mu da muke coci ɗaya da shi a Kafanchan mun daɗe da haƙura. Babu abin da za ka ambata a gabansa da bai taɓa yi ba. In ka ce citta, shi ya koya wa mutanen Kwoi nomanta. In ka ce maciji, ya taɓa kashe mesa a dutsen Kagoro da sandar lema. In kuwa tsautsayi ya sa ka ce dirama, to ka nemi wurin zama, don shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya je wani taron horo na kwana uku a Jos, kuma takardar shaidar tana rataye a falonsa, sama da hoton aurensa.

Abin da ya tsaya masa a rai bana shi ne makirfo. Doreen, ƙanwar matarsa Magdalene, za ta yi aure, kuma a wajenmu kafin a kai amarya coci akan yi mata bikin sallama a gidan ubanta, wanda muke kira sendifot. A ranar mutum ɗaya ke riƙe makirfo a madadin iyali. Shi ke gabatar da baƙi, shi ke kiran dangi su yi wa amarya nasiha, shi kowa ke kallo tun daga farko har a tashi. Uban amarya, Baba Andrawus na Manchok, tsohon ma'aikacin reluwe kuma dattijon ikilisiya, ya ce zai zaɓi ɗaya cikin surukansa biyu, wato Celestine ko Justin, mijin babbar 'yarsa, ma'aikacin gwamnati mai mota. Celestine ya ci alwashin makirfon nan ba zai shiga hannun Justin ba ko da ƙasa da sama za su haɗu.

Ana cikin haka sai Makon Iyali ya zo a cocinmu, wanda akan rufe shi da dirama ranar Lahadi. Diramarmu ba a rubuta ta. Ana dai shirya labari a baki, a raba wa kowa matsayinsa, sauran magana kuma kowa ya ciro ta daga kansa a gaban jama'a. Sista Caroline, shugabar 'yan dirama, ta zo ta ba Celestine matsayin wani maigida mai suna Oga Godspower, mutum mai cika baki wanda ba ya jin shawarar kowa.

"Ticha, minti biyar ne fa," in ji Caroline. "Ka shigo, ka yi faɗa da matan ka, ka ƙi jin magana, a yi maku addu'a, ka tuba. Shi ke nan."

"Sista Caroline, a nan ne kuke yin mistek," in ji Celestine. "Karakta ba ya faɗowa daga sama kamar mangoro. Wa ya haife shi? 'Yar gidan wa ya aura? Surukin shi yana karɓan gaisuwan shi da hannu biyu ko da yatsa ɗaya? In ba ka san dangin mutum ba, ba za ka san me ya sa yana ihu ba. Haka aka koya mana a Jos."

"To, ka san dangin shi a zuciyan ka. Amma minti biyar."

Gaskiya ɗaya ce, wannan karon maganarsa tana kan hanya. Nan take kuma dabara ta faɗo masa: zai gayyato Baba Andrawus ya zo ya ga surukinsa a gaban jama'a yana juya magana, daga nan zancen Justin ya mutu. Ya sayi sabon littafin rubutu mai shafi sittin, ya zauna ƙarƙashin mangoron gidansu don ya ƙirƙiro wa Godspower dangi daga cikin kansa. Kwana uku yana taunar murfin biro. Abin da ya iya rubutawa shi ne sunan Godspower, ya ja masa layi biyu a ƙasa.

A rana ta huɗu Baba Andrawus ya kira Magdalene a waya, ita kuma hannunta na cikin kwaɓin fulawa sai ta buɗe lasifika. Tsohon ya yi gyaran murya sau uku kamar yadda ya saba, sannan ya ce, "A lokacin da jirgi yana jirgi, 'ya'ya suna kiran iyayen su da kan su." Celestine ya ɗaga kai. Biro ya fara tafiya, bai tsaya ba sai da ya cinye shafi ashirin da biyu. Ya rufe littafin yana mamakin irin basirar da Allah ya zuba a kan mutum ɗaya.

Washegari ya sanar a gida cewa daga yau har Lahadi babu Celestine, sai Godspower, don gwanin wasa ba ya tuɓe matsayinsa ko a wurin wanka. Magdalene ta dube shi, ta ci gaba da tsintar shinkafa. Mace ce mai ƙarancin magana, irin waɗanda in sun yi shiru mai hankali ke neman hanyar fita.

Da rana ta ce, "Baban Jason, a kawo abinci?"

Ya yi kunnen uwar shegu.

"Baban Jason."

"Madam, ban san wannan mutum ba. Ni Oga Godspower ne, kuma ba a yi mini magana daga kicin."

"To, sannu da zuwa, Oga."

Ta zuba wa kanta, ta zuba wa yara, ta rufe tukunya. Da ya ga shiru ta yi yawa ya leƙo yana tambayar nasa.

"Abincin Celestine ne na dafa," in ji ta. "Godspower ya je gidan matan shi ya ci. Ni ba na ciyar da mazan mutane."

Ranar nan Oga Godspower da gasasshiyar masara ta bakin titi ya wuni. Da yamma Celestine ya dawo na minti goma, ya ci tuwo malmala biyu, ya sake tafiya.

Sai maganar kaya. Ya tafi shagon maƙwabcinsa Umar Faruk, telan da ke ɗinka wa rabin unguwarmu kayan Kirsimeti da na Sallah, ya ce a ɗinka masa kwat mai faɗi wanda zai ɗauki tumbi, don Godspower mutum ne mai tumbi. Tumbin kuwa matashin kan Magdalene ne, ya ɗauko bai tambaya ba. Umar Faruk na awo, shi kuma ya kasa riƙe cikinsa, ya buɗe littafi ya fara karanta masa dangin Godspower.

Umar Faruk ya saurara har shafi na uku, sannan ya cire allura daga bakinsa. "Ticha, wannan surukin Godspower ɗin, yana da hular reluwe?"

"Yana da shi. Ya aka yi ka sani?"

"Da usur a wuya?"

"Ka ga abin da nake gaya maka? Karakta mai kyau, kana ji kana ganin shi."

"Ai na gan shi. Ni na rage masa wando bara."

"Malam Umar, kai tela ne, ka tsaya a kan zare. Wannan mutum daga kai na ya fito. In ya yi kama da wani, laifin wanin ne."

"Allah ya ba da sa'a," in ji Umar Faruk. "Amma wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, kuma 'yan kasuwa ma sun sani."

Da kwat ɗin ya fito, Celestine ya ce sai ya gwada shi a cikin gari don tumbin ya saba da jikinsa. Ya hau okada zuwa kasuwa. Suna isa shataletale igiyar ta kwance, tumbi ya zame ta ƙasan kwat ya faɗi tsakiyar titi, wata keke mai ƙafa uku ta bi ta kai. Ɗan okada ya waiga ya ga fasinjan da ya ɗauka da ƙiba ya rame a cikin minti biyu, ya taka birki ya ce ya sauka, shi ba ya ɗaukar irin waɗannan mutane. Matan da ke sayar da doya suka yi ta yi wa Ticha barka da sauka lafiya, suna tambayar mace ce ko namiji. Ya koma gida a ƙafa da matashi a hammata, da sawun taya a jikinsa.

A wajen gwaji ma bai bar kowa ya huta ba. Emilia, wadda aka ba matsayin matar Godspower, ba ta taɓa kai ƙarshen jimla ba. In ta buɗe baki sai ya ɗaga hannu ya ce tsayuwarta ba ta nuna ta san uwar mijinta ba. Minti biyar ya zama arba'in, kuma duk da haka bai taɓa karanta musu abin da ke cikin littafin ba. Ya ce wannan sai ranar, don abin mamaki ba a yi masa gwaji.

Wadda ta karanta ita ce Magdalene. Ranar Alhamis yana wanka yana rera waƙa, ta ga littafin a kan kujera ta buɗe. Da ya fito ya tarar da ita zaune da shi a cinya.

"Baban Jason, ka cire Baba na daga littafin nan."

"Wane Baba? Wannan Baba Yohanna ne, surukin Godspower."

"Baba Yohanna mai koren fulas."

"Koren fulas ɗaya ne a duniya?"

"Da Mama na. Da motan Justin. Abin da ka gani a gidan mu, ka gani ne don an ɗauke ka ɗa. Ba a rufe maka ƙofa ba. Ka cire su."

"Maman Jason, ba ki je Jos ba, ba za ki gane ba. Na canja sunan kowa. In an canja suna, an canja mutum."

Ta rufe littafin. Ranta ya ɓaci ƙwarai, don ita ta san abin da ke cikin littafin ba ƙarya ba ne, kuma ta san irin kunyar da iyayenta za su sha. Ta miƙa masa littafin ta ce, "Na faɗa maka sau ɗaya." Ta ɗauki matashinta ta zare rigar ta jiƙa a ruwa.

Ranar Asabar ya hau bas zuwa Manchok da kansa don gayyata. Ya durƙusa ya gai da Baba Andrawus da matarsa Mama Miriyam, ya ce gobe za su ga abin da ba a taɓa yi ba a kudancin Kaduna. Yana magana yana satar kallon yadda tsohon ke ɗaga fulas, har ya roƙe shi ya sake gyaran murya, wai yana son ya ji ko mura ce ke damunsa. Baba Andrawus ya ji daɗin kulawar, ya ce wa matarsa yaron nan ya fara hankali.

Lahadi bayan sujada coci ya cika har tagogi. An ɗaura zannuwan Zumuntar Mata, ƙungiyar matan coci, a igiya an yi labule. Justin ya kawo surukai a motarsa, ya wuce inuwar da ke bakin coci ya je ya ajiye ta can kan gangaren bayan makarantar Lahadi. Aka zaunar da Baba Andrawus a bencin gaba kusa da fasto, da hularsa ta reluwe, da usur a wuya, da koren fulas a gefen ƙafa. Ni ina benci na uku, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

Saura minti goma a fara sai Emilia ta kira Caroline. Ta je gaisuwa Godogodo, bas ɗinsu ya lalace a hanya, direba ya tafi neman makaniki. Caroline ta duba hagu ta duba dama, ta je ta durƙusa gaban Magdalene. Tunda ba a rubuta wasa, kuma mako guda tana jin Godspower a gidanta, wa ya fi ta sanin matarsa? Magdalene ta so ta ƙi, sai ta tuna littafin, ta ga gara tana kusa ko za ta iya tare bakinsa. Ta gyara ɗankwali ta tashi.

Aka ja labule. Oga Godspower ya fito da tumbinsa, ya zauna a kujera ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya daka wa matarsa kira. Da ya ga wadda ta shigo ya ɗan yi turus, amma jama'a sun riga sun fara tafi, tafi kuwa shi ne giyar Celestine.

"Maigida, ga ruwa," in ji ta. "Ka sha mu yi maganan makarantan yara."

"Ajiye. Yau maganan dangin ki za mu yi. Kin san me ya sa nake ihu a gidan nan? Uban ki ne ya koya mini." Ya miƙe, ya karkata kai, ya yi gyaran murya sau uku. "A lokacin da jirgi yana jirgi..."

Dariya ta tashi, amma ba shi ake kallo ba. Kawuna ɗari uku suka juya zuwa bencin gaba. Baba Andrawus ya yi murmushin yaƙe, ya gyara hula.

"Maigida, bar maganan mutane," in ji Magdalene. "Abinci yana sanyi."

"Mace ba ya katse ni. Baba Yohanna, dattijo guda, ran Lahadi ya hau bagadi ya ce burkutu hanyan wuta ne. Ran kasuwa kuma ya aika a cika masa fulas, ya ce maganin ciwon baya ne." Ya zaro koren fulas daga cikin kwat, irin na tsohon sak, ya kurɓa, ya lumshe ido, ya shafa baya. "Shekara ashirin bayan nan bai warke ba."

Coci ya kaure. Fasto bai yi dariya ba. Ya sunkuya a hankali ya dubi fulas ɗin da ke gefen ƙafar baƙonsa, Baba Andrawus kuma ya sa dunduniya yana tura shi ƙarƙashin benci. Celestine bai ga wannan ba. Shi dai ya ji dariyar da ba a taɓa yi masa ba, ya ɗauka makirfo ya riga ya shiga aljihunsa.

"Oga Godspower," in ji Magdalene, muryarta ƙasa ƙasa, "ina roƙon ka, ka tuba yanzu a yi addu'a."

"Tuba yana zuwa. Saura uwan ki. Shekara uku yana cin gasan gwaten acca na Zumuntan Mata na gunduma, an ba shi kyautan kulan abinci har uku. Wa yake dafawa? 'Yar shi ne yake dafawa a nan, a sa a bas da safe, shi kuma ya ɗaura zani ya je ya karɓi kyauta."

Can cikin layin Zumuntar Mata wata tsohuwa ta miƙe tsaye, Mama Hephzibah, wadda ta zo ta biyu a gasar sau uku a jere. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Na faɗa." Ta koma ta zauna. Mama Miriyam ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Sai mijin yayan ki mai mota," in ji Godspower, yana riƙe da sitiyarin iska. "Kun taɓa ganin shi ya yi fakin a fili? Sai kan gangara. Ya ce iska ya fi kyau a wurin. Mota ba ya tashi sai an gangara da shi, amma makulli kullum yana yatsa yana juyawa."

Waɗanda ke bakin taga suka leƙa waje, suka hango motar a kan gangare da dutse a gaban tayarta. Wani ya ce, "Ga shi can kuwa." Justin ya daina juya makulli, ya sa shi a aljihu.

Magdalene ta ajiye kofin ruwan a kan tebur. Ta dubi uwarta a cikin mayafi, ta dubi ubanta, sannan ta juyo ta fuskanci jama'a. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

"Jama'an Ubangiji, kun ji dangi na. Yanzu bari ku ji miji na. Wannan Oga Godspower da ya kashe mesa a dutsen Kagoro, in za a yanka kaza a gida sai ya ce yana da mitin. Ran da ɓera ya shiga ɗaki, a kan tebur na same shi yana ba ni oda."

"Madam, koma kicin," in ji shi.

"Takardan Jos da ya rataye sama da hoton auren mu, kowa da ya je an ba shi. Direban bas da ya kai su ma yana da nashi, yana rataye a gareji. Takardun jarrabawan yaran ajin shi kuwa, ku tambaye shi wa yake makin. Jan biro a jaka na yake kwana."

Hedimastan makarantarsu yana benci na biyu, gabana kaɗan. Na ga ya ciro ɗan littafi daga aljihu ya rubuta wani abu.

Celestine ya matso kusa da ita, ya manta akwai makirfo a kan tebur. "Magdalene, wannan ba ya cikin wasa."

"Wane ne Magdalene? Ni matan Godspower ne. Ba kai ka ce in an canja suna an canja mutum ba?"

"Sista Caroline, a ja labule. Wannan ba karakta na ba ne, ni ne ake faɗa."

Caroline ta leƙo daga bayan zannuwa. "Ticha, ai tun farko shi ya sa muka ba ka. Mun ga ba ka bukatan gwaji."

Nan fa aka rasa mai tsayawa da ƙafarsa don dariya. Celestine ya juya zai shige bayan labule, igiyar tumbi ta sake cin amanarsa, matashi ya faɗo, ya taka shi ya zame, ya cafki zani don ya tsaya, igiyar labule ta tsinke, zannuwan Zumuntar Mata goma sha biyu suka rufto masa a ka. Magdalene ta sunkuya ta ɗauki matashinta ta kaɗe.

Sai aka ji usur. Baba Andrawus ne tsaye, ya busa irin busar tsayar da jirgi, coci ya yi tsit. Ya tako a hankali zuwa gaba, ya buɗe baki zai yi gyaran murya, ya tuna, ya haɗiye.

"Ku buɗe mini shi," in ji tsohon. Aka yaye zannuwa. "Celestine, ɗa na. Ka ce in zo in ga abin da ba a taɓa yi ba. Na gani. Shekara goma sha ɗaya kana cin tuwo a gida na, ashe rubutu kake yi."

"Baba, Baba Yohanna ne..."

"Baba Yohanna yana gaishe ka. Ran Asabar dangin mijin Doreen za su cika gida na. In na ba ka makirfo, kafin a yi addu'an buɗewa sun san abin da yake ƙarƙashin gado na."

Justin ya gyara zama, ya ciro makullinsa ya fara juyawa.

"Kai kuma mayar da shi aljihu," in ji Baba Andrawus ba tare da ya waiga ba. "Mutumin da yake yi wa mota ƙarya zai yi wa baƙi." Ya nuna Magdalene da sandarsa. "Ga wanda ya san komai na gida na da na gidan mijin shi, bai taɓa faɗa ba sai yau da aka taɓa iyayen shi. Sau uku yana ba ka hanya ka tuba, ina ƙirgawa. Shi zai riƙe makirfo."

Zumuntar Mata suka ɗauki guɗa, har da Mama Hephzibah. Fasto ya rufe da addu'a gajeriya, sannan ya ce wa Baba Andrawus cikin ladabi ya bar masa maganin bayan nan a ofis, yana so dattawa su duba shi ranar Laraba. Tsohon ya miƙa fulas, ya juyo ya yi wa surukinsa wani kallo wanda har yau in na tuna sai in ji tausayin Celestine, kaɗan dai.

Ranar Asabar aka yi sendifot a Manchok. Magdalene ta riƙe makirfo tun daga addu'ar buɗewa, ta gabatar da kowa da sunansa da matsayinsa, ba ta ƙara ba ta rage ba, ta sa dangin ango dariya ba tare da ta taɓa mutuncin kowa ba. Da ta zo yi wa ƙanwarta sallama Doreen ta fashe da kuka, mu ma muka share ido. Celestine kuwa an ba shi aikin jera kujeru. Yana can baya wajen tukwane tare da Umar Faruk, wanda ya ɗinka ankon bikin aka gayyace shi.

Da aka yi wa Magdalene tafi, Celestine ya taɓa shi da gwiwar hannu. "Ka ga yadda yake tsayawa? Ka ji yadda yake jan numfashi kafin magana? Ni na koya masa."

"Babu shakka," in ji Umar Faruk. "Shekara goma sha ɗaya tana sauraro, ai dole ta iya."

Aka tashi taro, aka sa amarya a motar Justin don a kai ta gidan gwaggonta. Gidan Baba Andrawus kuwa a fili yake shimfiɗe, babu gangare ko na taki ɗaya. Justin ya murɗa makulli sau uku, mota ta yi tari ta yi shiru. Magdalene ta ɗaga makirfo, muryarta ta fito ta lasifika har bakin titi.

"Oga Godspower, ana neman ka a bayan mota."

"Na'am," in ji Celestine, kafin ya tuna ba sunansa ba ne. Ya tuɓe kwat ya ba Umar Faruk ya riƙe masa, ya je ya dafa but ɗin motar ya fara turawa.